Muƙalar da Na Bi Har Yamai

Ni dai na gaji. Tun da na dawo daga Yamai ban zauna a majalisarmu ta bakin injin shinkafa na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Sabi'u, wai da gaske ne wutarsu ba ta ɗaukewa?" Wancan ya ce, "Ina tsarabarmu?" Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai tambayar ko na samo takardar da na je nema, alhali ya san amsar, so yake kawai ya ga fuskata ta canja. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa ya karanta, in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, malamin gona ne ni a Kura. Aikina zagaya gonakin rani a kan babur, daga Kadawa zuwa Bunkure, ina faɗa da manoma a kan ruwa da taki. A gefe guda ina karatun digiri na biyu. Ofishinmu ya ce kujerar shugaban shiyya za ta tafi ga wanda ya kawo takardar digirinsa kafin ƙarshen shekara, mu biyu kuma muke nema, ni da abokin aikina Yakubu. Farfesa ɗaya ke duba mu.

A shekarun nan duk wanda yake so a ce ya waye a kimiyya sai ya sako kalmar nano a bakinsa. Ma'anarta a taƙaice, a sarrafa abu ya zama ƙanana ƙwarai, yadda ido ba zai iya ganin ƙwayarsa ba, a ga ko halinsa zai canja. Nawa aikin shi ne a niƙa yumɓu ya fi kwalli laushi, a gauraya da jigawa a fangalin tumatir, ko ƙasar za ta riƙe ruwa da taki. Ko niƙan namu ya kai nano ko bai kai ba, ba mu da na'urar da za ta gaya mana. Na yi gwaji na rani ɗaya a Bunkure, wasu fangulan suka yi kyau, wasu suka yi kamar ba a sa musu komai ba. Farfesa ya ce kada in damu, in jingina da muƙalar Dakta Isufu.

Wannan muƙala tana cikin jerin manazartar da Farfesa ke raba wa kowane ɗalibi, wato rubuce-rubucen da za ka karanta ka kafa hujja da su. An ce wani Dakta Isufu ne ya gabatar da ita a wani taron masana a Yamai, ya nuna yumɓun yana ƙara amfanin gona sosai. Al'adar sashenmu kuwa, ba ka neman muƙala. Kundin wanda ya riga ka gamawa za ka ɗauko, ka kwafi yadda ya rubuta ta, shi ma haka ya yi da na gabansa. Ka dubi Farfesa ka ce, "Ranka ya daɗe, kai ka taɓa ganinta?" wannan rashin kunya ne da ba a taɓa jin irinsa ba.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar Yakubu ya ci shinkafa da kaza ya sa hannu. Ni kuwa aka haɗa ni da Dakta Rifkatu, wata 'yar ƙaramar mata daga wajen Jos, mai jan biro da gilashi a kan hanci.

Ta ce, "Malam Sabi'u, ka karanta wannan muƙalar?"

Na ce, "Madam, an kawo ta a kundaye da yawa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ka taɓa riƙe ta a hannunka?"

Ta ce ta ci karo da ita a kundayen sashenmu, wani ya ce a kan tumatir aka yi gwajin, wani ya ce albasa, wani ma gero. Ta rufe kundina ta ce in kawo mata hoton muƙalar ta sa hannu, in babu hoto babu sa hannu. Na dubi Farfesa, shi kuma ya dubi fanka.

Na duba ɗakunan karatu a Kano, na je Zariya, na zauna a shagon intanet ina jiran shafi ya buɗe, sai ya kai rabi a ɗauke wuta. Farfesa ya ce ya tabbata ya taɓa ganinta wurin wani abokinsa, abokin kuma ya koma ƙasar waje ba a san lambarsa ba. Da na ga shekara tana tafiya, sai na ɗauki hutu na ce Yamai ɗin ai ba lahira ba ce.

Daga Kano na shiga fijo zuwa Katsina, daga nan wata zuwa Jibiya, mu huɗu a kujerar mutum uku, gwiwata tana sallama da haɓata. A nan na haɗu da Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwar albasa na Maraɗi, mutum mai faɗin jiki da faɗin zuciya, rabin kujerata ma shi ya zauna a kai. Ya tambaye ni fataucin me nake yi. Na ce takarda zan je nema. Ya ce ta fili ko ta gida? Na ce ta ilimi. Ya daɗe yana kallona da tausayi, sannan ya ɓantaro goro ya ba ni.

A kan iyaka na jawo wa kaina. Na zo da niƙaƙƙen yumɓuna a gwangwanin madara don in nuna wa Dakta Isufu in na same shi. Wani ɗan duwan na ɓangaren Nijar, wato kwastan ɗinsu, ya buɗe jakata, ya buɗe gwangwanin, ya ga gari mai laushi fari-fari. Nan take fuskarsa ta ɗaure.

Ya ce, "Mi ne ne wanga?"

Na ce, "Yumɓu ne, yallaɓai."

"Yumɓu cikin gwangwanin madara?"

Maimakon in yi shiru, sai malantar ta motsa. Na fara yi masa bayanin nano, na ce abu ne da ido ba ya iya gani. Ya ce, "To in ido ba shi gani nai, mi nike gani nan?" Ya kira babbansu. Babban ya dangwala yatsa ya lasa, ya tauna, na ji ƙasa tana ƙaras-ƙaras a haƙoransa, ya tofar yana zagi da Faransanci. Alhaji Mamman ne ya cece ni. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ɗan boko ne. Ƙasa yake ɗauka daga garinsu ya kai wani gari." Suka fashe da dariya. Babban ya ce Nijar ta rasa abubuwa da yawa, amma bai taɓa jin ta rasa ƙasa ba har sai an kawo mata gudummawa daga Kano. Kafin su sake mu rana ta yi nisa, fasinjoji kuma suka yi ta yi min tsiya har Maraɗi, wata tsohuwa ma ta ce a ɗora ni a kan but.

Alhaji ya sauke ni a shagon ƙofar gidansa. Gaskiya mutanen Maraɗi sun iya karɓar baƙo. Aka kawo fura mai kauri da nono wanda ba a yi masa algus ba, aka kawo tuwon gero, sannan aka ɗora shayi a kan gawayi. Na sha kofin farko, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na yi godiya zan tashi. Suka ce ina zan je, saura na biyu da na uku? Ashe a can tashi bayan kofin farko kamar ka ce ba ka son mutanen ne. Na koma na zauna, ina sha ina tunanin Yakubu yana can yana auna kujera.

An ce min babbar motar Yamai da asuba take tashi. Na ɗauki maganar da ma'anar Kano. Na yi salla, na sha koko da ƙosai, na taho ina sakace. Na tarar da tasha fayau, sai wani mai shara. Na je wurin mai sayar da tikiti da faɗana, na ce a Kano motar da aka ce za ta tashi da asuba, in ka je da hantsi za ka tarar ana neman mutum biyu. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya nuna min agogon bango ya ce, "Nan ba Kano ba ce." Haka na koma gidan Alhaji da jakata a ka, yaransa suna yi min sannu da zuwa Yamai.

Washegari ni na fara isa tashar. Kowa da kujerarsa, kowace kujera da lambarta, ba mai hawa cinyar wani. Na ji daɗi, kuma na ji haushin jin daɗin. A kowane shingen jandarma sai kowa ya sauka ya nuna katin shaida a layi, ba mai cewa "ka san ko ni wane ne?" Da muka iso Galmi na ga albasa jibge a bakin titi, ja, manya, busassu da kyau, irin wadda nake ta roƙon manoman Kura su bari ta ƙosa kafin su cire. Kishi ya kama ni. Na sauka na tsare wani manomi ina tambayarsa yaushe suke yanke mata ruwa, muna cikin magana na ji motar ta tashi. Na bi ta da gudu ina dukan gefenta, takalmina ɗaya a hannu. Direban ya tsaya, amma kallon da ya yi min ya ishe ni har Doso.

Yamai gari ne mai tsabta da zafi. Na saba duk inda na je a yi min Hausa, sai ga ni a tasi direba yana yi min Zabarmanci, na gaba yana fassara masa da Faransanci, ni ina ta cewa "kasuwa, kasuwa." Da ƙyar na gano gidan fatoman da Alhaji ya haɗa ni da shi, mai saukar da fataken albasa. Aka ba ni ɗaki rabinsa buhuna, har yau in na buɗe jakar nan sai idona ya yi ruwa. Game da wuta kuwa, e, gaskiya ne, duk zamana ban ga ta ƙifta ba. Na yaba wa fatoman, ya ce, "Ai taku ce, daga wajenku ake turo muna." Ban sake yi masa maganar wuta ba. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa ya yanke min dasashi. Amma dambun zogalensu, wannan kam na sallama, ko a gidanmu ban ci kamarsa ba.

Ɗakin karatun da aka kwatanta min na wata cibiyar binciken noma ne. Na isa rana tsaka na tarar an kulle, wai an tafi hutun rana, kuma ba wanda za ka yi wa magana ya buɗe maka ta baya. Na zauna a gindin dalbejiya har aka dawo. Mai kula da wurin, Madam Hawa, dattijuwa ce mai Hausa tsaf. Na ba ta sunan taron da sunan marubucin. Ta shiga ciki, ba a jima ba sai ga ta da littattafai biyu, ƙarami da babba. Wallahi don murna har na fara lissafin yadda zan ajiye hoton a gaban Dakta Rifkatu ba tare da na ce komai ba.

Ƙaramin littafin tsarin taron ne, wanda ake bugawa kafin a fara. Ga sunan Dakta Isufu, ga kan maganarsa a kan yumɓu, ba ƙari. Babban kuwa shi ne ya tattara muƙalun da aka gabatar. Muka buɗe shafukan da kundayenmu suka ambata, Madam Hawa ta karanta Faransancin ta ce wannan bayani ne a kan ciwon raƙuma. Muka bi littafin daga farko har ƙarshe, babu Isufu babu yumɓu.

Na ce, "Madam, ko an yage ne?"

Ta ce, "Nan ba a yage muna littafi. Bai kawo ba ne. Ka je ka tambaye shi mana, yana nan da ransa, ya yi ritaya, yana da lambu a hayin kogi."

Na tsallaka gada na yi ta tambaya har na same shi. Tsoho ne siriri da hular kaba, wandonsa a naɗe, yana ba salak ruwa da bokiti. Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Kano nake, na zo neman muƙalarsa ta yumɓu. Ya ajiye bokitin, ya share hannu, ya ce in zauna a kan kututture.

Ya ce, "Ɗana, wace muƙala?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce a lokacin an nemi kowa ya aika kan maganarsa tun kafin taro, shi kuma ya aika, da niyyar yin gwajin kafin ranar. Ya gyara fangula, ya yi rainon iri, yana jiran injin niƙa da aka yi alkawarin turo musu daga waje. Injin bai zo ba, irin ya tsufa a reno, shi kuma kunya ta hana shi zuwa taron. Ya ce, "Ban taɓa yin gwajin nan ba, ko fangali guda."

Ina neman abin da zan ce sai ya dafa kafaɗata yana lallashina. Ya ce kada in damu, ai maganar ta tabbata tun da mu a Kano mun yi ya yi kyau. Wai wani tsohon ɗalibinsa ya taɓa zuwa Najeriya ya dawo da hoton kundi daga sashenmu, tun daga nan ɗaliban nan suke kafa hujja da shi. Ya ce, "Mu nan da ku muka dogara."

Na ce, "Baba, mu kuma da kai muka dogara!"

Can ya matso ya rage murya ya ce, "To wai mi aka ce na samu?" Na gaya masa duk abin da kundayenmu suka jingina masa, tumatir da albasa da gero. Ya gyaɗa kai yana murmushi ya ce, "Ashe na yi ƙoƙari." Ban taɓa jin haushi irin na wannan rana ba, kuma ba wanda zan sauke wa, don tsohon nan bai yi wa kowa ƙarya ba. Na fito da gwangwanin na nuna masa. Ya murza garin a yatsunsa ya ce yau ya fara ganin abin da ido. Ya roƙe ni in bar masa, na bar masa.

Da wayarsa na kira Dakta Rifkatu, na miƙa masa suka yi magana, rabi Turanci rabi Hausa. Da ya dawo min da wayar na ji muryarta a sake, har tana yaba min. Ta ce na yi abin da ya kamata, ta ji daɗi ƙwarai. Zuciyata ta fara dawowa wurinta. Sai ta ce to yanzu in cire muƙalar da duk abin da na gina a kanta, abin da ya rage kuma gwajin rani ɗaya ne, ba zai tsaya da ƙafarsa ba, don haka in sake wani ranin in kawo mata. Na ce, "Madam, shekara fa za ta wuce." Ta ce ta sani, ta kuma ce in yi haƙuri.

Ba abin da zan ce game da dawowa. Motar ta tashi a kan lokaci, ɗan duwan ɗin nan ya gane ni ya tambaye ni ko ƙasar ta samu kasuwa, ban kula shi ba.

Na je na sami Farfesa a ofis na zayyana masa komai. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa. Da na gama ya ce, "Kai ma dai Sabi'u da taurin kai. Wa ya aike ka?" Sannan ya ce zai duba jerin in ya samu lokaci. Yakubu ya zama shugaban shiyya. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa, amma yanzu wurinsa nake zuwa neman izinin fita, kuma muƙalar da babu ita tana nan daram a kundinsa.

Makon jiya ina Bunkure, tsaye cikin laka ina buɗe wa sababbin fangulan gwajina ruwa, sai ga wani mutum a kan babur, ya ce sunansa Auwalu, sabon ɗalibin Farfesa ne. Ya ce ya zo ne musamman ya yi min godiya a madadin 'yan ajinsu. Ya zaro babin farko na kundinsa ya karanta min da alfahari. Ga muƙalar Dakta Isufu a wurinta, an ma ƙara mata jimla a gaba: wadda Malam Sabi'u ya je har Yamai ya gana da marubucinta.

Ya ce, "Malam, ai ka hutar da mu. Yanzu ba mai sake yi mana gardama a kanta, tun da ɗan sashenmu ya je da ƙafarsa."

Na fito daga ruwan, na zaunar da shi a bakin kwata, na ba shi labarin nan tun daga Jibiya har lambun salak. Na ce ya goge sunana, ya goge muƙalar, yau ɗin nan, kafin ya kwanta. Ya yi tsuru-tsuru yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Ni zan goge, Malam. Sai dai abokaina sun riga sun kwafa daga nawa, ɗaya ma ya miƙa nasa tun shekaranjiya."